Kwamfuta a Randar Toka

Ranar Laraba da hantsi 'yan sa-kai suka kama Iliyasu ɗan acaɓa a bakin rijiya, yana tsaka da wanke babur ɗinsa. Ba su tambaye shi komai ba. Basiru, wanda ya fi su ƙarfi da ƙarancin hankali, shi ya fara sauke masa gora a gadon baya, sauran suka rufe shi, suka ja shi a ƙasa har gindin tsamiyar kasuwa suka ɗaure. Tsamiyar nan tana kallon ƙofar gidan Dabo, yayan Iliyasu. Kafin Dabo ya kashe injin niƙansa ya fito, bakin ƙaninsa ya fashe, ido ɗaya ya rufe ruf.

Kwana biyar ke nan da 'yan bindiga suka shigo Rijiyar Marke. Ranar Juma'a suka zo, da rana tsaka, maza duk sun tafi masallacin Juma'a a garin gaba. Suka kore shanu, suka ƙone ƙarfen sabis na waya, suka farfasa duk farantin sola da suka hango a kan rufi, suka harbe mutum huɗu. Cikin huɗun har da Bilki, matar Badaru shugaban 'yan sa-kai. A bakin turke aka same ta, igiyar saniya a hannunta.

Tun ranar ake neman wanda ya nuna musu hanya, ya kuma gaya musu lokacin da gari ba maza. Iliyasu ba ya gari ranar. An taɓa ganinsa da jarkokin fetur a Kunci, kuma kowa ya san masu kai wa 'yan bindiga fetur su ne idonsu a gari. Gidansa ba a taɓa ba. Wannan ya ishi mutanen da suka binne gawa huɗu.

Dabo ya haura hamsin, gajere ne mai faɗin ƙirji, bai yi boko ba, kuma tun da aka san shi ba a taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. Shi da Badaru taubasai ne. Shekara arba'in suna zagin juna na wasa, wannan ya ce bawana, wancan ya ce bawana. Ranar nan da Dabo ya ratsa taro ya tsaya a gaban Badaru, ba wanda ya yi dariya.

"Badaru, kwance shi."

"Ka fito, mai inji? Zo ka ga abin da gidanku ya haifa mana."

"Na ce ka kwance shi. Fetur kowane ɗan acaɓa yana saye."

"Kowane ɗan acaɓa ne ya ɓace ranar Juma'a?"

Iliyasu ya ɗago kai, jini na bin gemunsa. "Yaya, wallahi a Makoda nake. Hussaina na kai bikin gidan Alhaji Muhammadu Sani. Na faɗa musu. Da safen ma ita Bilki ce ta ba ni…"

Bai ƙarasa ba. Badaru ya kai masa gindin bindiga a baki, haƙori ya faɗo a kan saiwar tsamiya.

"Ka ƙara ambaton sunanta, a nan zan yanka ka."

Dabo ya yi kansa, mutum uku suka riƙe shi. Maigari, tsoho ne da sanda, ya ɗaga hannu yana a yi haƙuri a aika Makoda a tambayo, aka ture shi har hularsa ta faɗi. Makoda da nisa, waya ba sabis, kuma ba wanda yake da niyyar jira.

Nan Hussaina ta kutso. 'Yar Dabo ce, ta gama kwalejin malanta ba a ba ta aiki ba, sai ta kama ɗaukar bidiyon biki da waya tana gyarawa a kwamfuta. Da safen nan ta dawo daga Shanono, inda matan gidan suka gudu tun ranar Asabar.

"Baba Badaru, ni ya kai. Tare muka tafi, tare muka dawo."

"Baffanki ne. Ko kai kika gan shi ya yanke, cewa za ki yi kabewa ce."

"To ba sai ka yarda da bakina ba. Na ɗauka a bidiyo. Na juye a kwamfuta kafin in tafi, wayar ta cika na goge. Yana ciki tun daga safe har ɗaurin aure."

Kowa a garin ya sha alawar gayyatar bikin nan, kowa ya san bayan sallar Juma'a aka ɗaura shi, daidai lokacin da ake harbi a nan. Badaru ya dubi rana, ya dubi Hussaina.

"Ki kunna a zauren ubanki, inda zan gani da idona. In aka kira la'asar ban ga fuskarsa a akwatin nan ba, bakin kwari za mu kai shi. Ba zai dawo ba."

Dabo ya fizge jikinsa ya shige gida shi kaɗai, don shi ya san inda kwamfutar take.

Ranar Asabar, da aka ce 'yan bindiga za su dawo, shi ya tattara abin da ya rage mai daraja a gidan. Ya san halinsu: buhu suna ɗauka, akwati suna fasawa, katifa suna farkewa. Abin da ba sa kulawa shi ne randar wake. Mutanen wajen nan toka suke cuɗawa da waken iri su cika randa su liƙe bakin, don kada ƙwaro ya ci. Ɓarawo in ya buɗe ya ga toka, sai ya wuce. Hussaina kafin ta hau mota ta ce masa, "Baba, ko ina za ka sa ta, kada ka fitar da ita daga jakarta." Jakar ta ƙi shiga bakin randar. Sai ya zare kwamfutar tsirara ya cusa ta a tsaye cikin toka, ya danna, ya ƙara toka a kai.

Yanzu ya fasa liƙin, ya zura hannu har gwiwa ya zaro ta fara fat. Ya hure, ya karkaɗe, ya goge da gefen rigarsa har baƙinta ya fito, ya mayar da ita jaka ya ja zif. Ya kawo zaure ya ajiye a kan tabarma kamar daga akwati ta fito.

"A ina ka ɓoye ta, Baba?"

"Inda ɓarawo bai gani ba. Kunna."

Ta kunna. Badaru ya tsaya a bakin ƙofa da bindiga a kafaɗa, kawuna suka cika bayansa. Kwamfutar ta kawo haske, wani ɗan zobe ya yi ta juyawa a tsakiyar gilashin, yana juyawa, yana juyawa.

"Haka take yi?" in ji Dabo.

"Ba ta daɗewa haka." Hussaina ta duba ƙasan gilashin. "Caji kashi talatin da takwas ne. Ba sola. In ya ƙare shi ke nan."

Da ƙyar ta buɗe. Hussaina ta ɗora yatsa, 'yar kibiyar ta motsa kaɗan, ta yi tsalle, ta tsaya cak. Ta danna nan, ta danna can, ko gezau. Ta danne maɓallin kashewa har gilashin ya yi baƙi, ta sake kunnawa.

"Kin ga fuskarsa?" Basiru ya leƙo. "Ni dai tawa fuskar nake gani."

Wasu suka yi dariya, irin dariyar da ba daɗi. Basiru ya koma gindin tsamiya, aka ji gora ta sauka, aka ji Iliyasu ya kira sunan Allah.

Aka kira azahar ana kan haka. Ladan da baki ya kira, lasifika ta mutu tare da sola. Mutane suka yi salla kashi-kashi a nan kasuwa, ba wanda ya yarda ya yi nisa. Dabo ya yi tasa a ƙofar zaure, bai san me ya karanta ba.

A karo na biyu Hussaina ta yi sauri, kafin ta sandare, ta rurrufe abubuwan da suke tashi da kansu in an kunna. Ta ce ko bairas ne, cutar kwamfuta, don ranar bikin mai kiɗa ya soka wa kwamfutar filas ɗinsa na waƙoƙi. Ta ce ko kuwa cikin ne ya cika. Ta shiga goge bidiyon bukukuwan mutane, aikin wata shida, wasu ko karɓa ba a yi ba. Tana cikin na huɗu kibiyar ta sake tsayawa.

Dabo ya kai wa kwamfutar mari da tafin hannu, yadda yake yi wa injinsa in ya yi gardama.

"Baba!" Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. "Za ka kashe ta gaba ɗaya! Wannan ba inji ba ne!"

"Duk abin da ake kunnawa inji ne."

"To ka bar ta!"

Ta ɗaga ta za ta gyara mata zama, sai ta yi saurin saki. "Zafi take yi. Taɓa ƙasan ka ji, kamar kasko. Kuma ban ji kukan fankarta ba. Da in ta yi zafi sai ka ji tana huci ta gefen nan. Yau shiru."

Dabo ya sa hannu ta gefen da ta nuna, inda wasu 'yan tsagogi suke jere. Ba iska. Ya sunkuya ya shinshina. Warin da ya ji ya san shi tun yana goye: warin murhu ne da aka kwashe wuta. Ya dubi yatsansa, bakin farcen ya yi fari.

Shekara ashirin da biyu yana niƙa. Ya san abin da gari yake yi wa inji in ya toshe masa mashaƙar iska: ya yi zafi, ya yi nauyi, ya shaƙe ya tsaya. Ba sai an gaya masa ba.

Ya goge yatsan a cinyarsa.

"A ina ka ajiye ta, Baba? Rana ta buge ta ne?"

Badaru yana tsaye a kansu. In ya ji kalmar toka, cewa zai yi da gangan aka lalata ta don ba komai a ciki, ya ja Iliyasu tun yanzu. Wannan shi ne abin da Dabo ya gaya wa kansa. Amma akwai na biyu a ƙarƙashi: yarinyar nan ta gaya masa kada ya cire jaka, kuma rabin gari na tsaye yana saurare.

"A ɗaki," in ji shi. "Fifita ta ki sake gwadawa."

Ta ɗauki mafici ta yi ta fifitawa, ta kunna a karo na uku. Caji ya koma ashirin da ɗaya. Wannan karon ta kai ga bidiyon. Ta danna. Mutane suka turo har ƙyauren zauren ya yi ƙara. Gilashin ya nuna ƙasa, da tayar babur, da ƙafar wani cikin silifa. Sai hoton ya tsaya a kan ƙafar. Ya daɗe a tsaye. Sannan kwamfutar ta mutu da kanta.

"Ƙafa," in ji Badaru a hankali. "Tun hantsi kuka tsayar da ni, matata kwana biyar a ƙasa, ku nuna min ƙafa."

"Baba Badaru, ka ba ni…"

Ya juya ya fita. Dabo ya bi shi, aka tare shi da gora biyu a ƙirji. Yana gani aka kwance hannun daman Iliyasu, hannun da yake murza totur, aka shimfiɗa shi a kan saiwar tsamiya, Basiru ya taka wuyan hannun.

"Wa ka kai wa fetur?" in ji Badaru.

"Wallahi ba…"

Gindin bindiga ya sauka. Ƙarar ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ya sauka na biyu. Ya sauka na uku. Ihun da Iliyasu ya yi ya sa awakin kasuwa suka watse, wata tsohuwa ta toshe kunne ta zauna a ƙasa. Sai ihun ya yanke, kansa ya faɗi a ƙirji. Aka watsa masa ruwa ya farfaɗo.

Dabo ya koma zaure. Hussaina ta kifa kai a gwiwa.

"A randar wake na sa ta," in ji shi. "Cikin toka. Jakar ta ƙi shiga, na cire."

Ta ɗago ta dube shi. Ya yi tsammanin za ta yi kuka ko ta yi faɗa. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Tun yaushe ka gane?"

"Tun da kika ce ba ta huci."

Ta dubi ƙofa, wajen tsamiya, ta dawo da ido kansa. Wannan kallon ya fi masa gorar da aka sa masa a ƙirji ciwo.

"Ana buɗe ta?" in ji shi.

"Ana buɗewa. A Kano na ga an yi. Ni ban taɓa ba."

"Kife ta."

Ta kife ta a kan faifai. Notinan ƙanana ne kamar ƙwayar gero, sukudireban injinsa ko kusa bai shiga ba. Ya shiga gida ya karyo silin tsohon keke, ya zauna a bakin dutsen wasa wuƙa ya goga bakin har ya yi faɗi ya yi siriri. Ya dawo da shi, da famfon keke, da gashin zabo guda biyu da ya tsinta a akurki, da murfin kwano.

Basiru ya leƙo ya ga ana kwance bayan kwamfutar. "Ku zo ku gani! Lalata ta suke yi! Ba komai a ciki, so suke su ce ta mutu!"

"Toka ce ta shiga," in ji Dabo da ƙarfi, yadda na waje za su ji, bai ɗago ba. "Ni na binne ta a randar wake, da hannuna. Jakin da ya yi aikin nan ga shi a zaune. In dariya za ku yi ku yi, ku matsa min daga haske."

Ba wanda ya yi dariya. Badaru ya dawo bakin ƙofa ya tsaya.

"Inuwar tsamiya ta kusa rumfar mahauta, Dabo."

"Ina da ido."

Noti tara ya kwance, kowanne ya jefa a murfin kwano. Na goma ya ƙi, bakinsa ya cinye. Ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓare murfin, robar ta tsage ta gefe. Hussaina ta runtse ido.

Ciki fari fat. Fankar, wadda ba ta fi bakin kofin shayi ba, toka ta cike tsakanin fukafukanta ta daskare, ga ɓawon wake ya maƙale a gefe, ga matattun ƙwari biyu. Tsagogin da iska take fita sun liƙe kamar an shafe su da laka.

"Kada ka taɓa koren allon nan," in ji Hussaina. Muryarta ta dawo ta aiki. "Nan kaɗai. A hankali, Baba. Ba ƙarfi take so ba."

Yatsunsa kauri gare su, duk kanta. Ya kama gashin zabo ya shiga sharewa, fiffike ɗaya bayan ɗaya. Ya zaro ɓawon waken da bakin sili. Hussaina ta danne fankar da ɗan yatsa don kada iska ta juya ta fiye da ƙima, shi kuma ya kafa bakin famfon keke a tsagogin ya buga. Toka ta tashi ta bule musu fuska, suka yi tari. Ya sake bugawa. Ya yi ta bugawa har abin da yake fita ya zama iska zalla. Ya taɓa fankar da gashin zabo, ta juya da kanta, sumul.

"Kada ka tsaya ɗaure noti," in ji ta. "Ɗauko tulu."

Ya kinkimo tulun ruwa na zaure, mai sanyi, suka ɗora kwamfutar a bakinsa, cikinta a buɗe yana kallon ruwa. Ta yi bisimilla ta danna.

Caji kashi tara. Zoben ya fara juyawa.

A daidai nan ladan ya ɗaga murya.

Badaru ya juya. A waje aka fara kwance igiya daga jikin tsamiya, aka bar ta a wuyan Iliyasu. Ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, mutum biyu suka ja shi, hannun nan yana lilo kamar ba nasa ba.

Dabo ya fita ta rumfar inji, ya ɗauki ƙarfen da yake tayar da injin da shi, ya sha gabansu a bakin hanyar kwari.

"Ladan bai gama ba."

"Matsa, Dabo."

"Ka ce in an kira la'asar. Bai gama kira ba. Wanda ya wuce nan kafin ya gama, sai ya bi ta kaina."

Basiru ya kawo gora. Dabo ya kare da ƙarfen, ya mayar masa a gwiwa, ƙaton ya durƙushe yana zagin uwa da uba. Wani ta baya ya sauke wa Dabo sanda a ka, fatar ta tsage, jini ya rufe masa ido ɗaya. Bai faɗi ba. Ya yi ta juya ƙarfen hagu da dama, ya sami wani a haƙarƙari, aka same shi a kafaɗa. Badaru ya sauke bindiga daga kafaɗa ya saita cikin taubashinsa.

Sai wata murya ta fito daga zauren, da ƙarfi, har tana ɗan tsatsagewa.

"Iliya, ka riƙe min shi da kyau! In ka zubar min da dublan ɗin nan a hanya, kada ka dawo garin nan!"

Duk wanda yake wajen ya san muryar. Bilki ce.

Bakin bindigar ya yi ƙasa a hankali. Badaru ya taka zuwa zauren kamar mai tafiya a ruwa, mutane suna buɗa masa. Dabo ya bi bayansa yana share jini da hannun riga.

Fankar tana huci, siririn kuka mai daɗi. A gilashin ga ƙofar gidan Badaru da hasken safiya, ga Bilki da ɗaurin ƙirji da mayafi, tana miƙa wa Iliyasu fanteka ɗaure da koren kallabi. Iliyasu yana kan babur yana dariya da haƙoransa duka, yana cewa dublan uku ne ladansa na ɗauka. Ta kai masa duka da gefen mayafi. Sannan ta juyo ta kalli mai ɗauka.

"Hussaina, ki gaida min amarya. Ki ce na so zuwa, maigidan ne ya hana. Wai hanya ba kyau, gara in zauna a gida."

Badaru ya dafa bango.

Hussaina ta ja bidiyon gaba, kwamfutar ba ta tsaya ba, ba ta yi gardama ba. Ga ƙofar masallacin Makoda, an sallame Juma'a, jama'a fari fat da manyan riguna. Ga Alhaji Muhammadu Sani ana yi masa barka, maroƙi yana faɗin an ɗaura. Ga Iliyasu a tsakiyar masu wawar goro, hularsa a karkace, ya cika hannun dama yana ɗagawa sama.

Maigari ya matso da sandarsa ya duba, ya juya ya gaya wa na waje abin da ya gani. Maganar ta bi taro har bakin hanyar kwari. Wanda yake riƙe da igiyar ya sake ta.

"Mayar baya," in ji Badaru. "Wajen da take magana."

Hussaina ta mayar. Bilki ta sake fitowa da fantekarta. "Iliya, ka riƙe min shi da…"

Gilashin ya yi baƙi. Fankar ta yi shiru.

"Kunna."

"Caji ya ƙare, Baba Badaru."

"Na ce ki kunna!"

"Ba wuta a garin nan. Sai an kai ta Shanono."

Ya ɗaga bindigar ta gindi a kan kwamfutar. Dabo ya riga ya miƙa hannu zai tare, sai ya ga ba sai ya tare ba. Hannun Badaru ya tsaya a sama, sannan ya sauko. Ya zame jikin bango ya zauna a ƙasan zauren, cikin tokar da aka hure, ya rungume bindigar.

Dabo ya bar shi a nan. Ya fita ya yanke igiyar wuyan ƙaninsa da wuƙar da ya ɓanɓare kwamfuta da ita. Ba wanda ya taimaka masa, ba wanda ya hana shi. Basiru yana zaune yana riƙe da gwiwa. Can baya wani ya ce, "To in ba shi ba ne, wane ne?" Mutane suka fara duban juna, masu hankali suka fara sulalewa gida.

Babur ɗin yana bakin rijiya inda aka bar shi, rabi a wanke, kumfa ta bushe a tanki. Dabo ya turo shi. Hussaina ta naɗe hannun baffanta da mayafinta, ta ɗaure shi a ƙirjinsa, suka ɗora shi a baya, ta zagaya su da igiyar nan ta ɗaure shi a jikin ubanta don kada ya faɗo. Ta miƙa wa Dabo hularsa ba ta kalle shi ba.

Dabo bai iya babur sosai ba. Suka kama hanyar Shanono, wajen maɗori, yana tafiya yana gargada tsakanin gonakin da aka girbe, duk ramin da suka faɗa Iliyasu sai ya yi nishi a kunnensa. Sun wuce gari da nisa kafin Iliyasu ya yi magana, da bakin da ya kumbura.

"Yaya. Me ya tsayar da ita?"

"Toka. Ni na binne ta a randar wake."

Suka ɗan yi tafiya.

"Da wuri ka gane?"

Dabo ya ga rami a gaba, ya kauce masa. Yana iya cewa a'a. Hussaina ba za ta faɗa ba.

"Kafin a taɓa hannunka na gane," in ji shi. "Na yi shiru."

Dabo ya ji Iliyasu ya janye kansa daga kafaɗarsa, iyakar yadda igiyar ta bar shi. Haka suka tafi har Shanono.